Ya sha gabansa ya ci burki da gayya, ƙanena ya dake shi ta baya: wa zai biya?

Mai Sharon:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wajen manyanmu direbobi da Barista idan yana kusa. Jiya Juma'a ƙanena da yake jan motata Sharon ya ɗauko fasinja daga kasuwar Wudil zai yi Gaya. Tun fitowarsu gari suka fara 'yar tsama da wani mai Golf, wai yaron ya ɗauke masa mutum biyu da shi suka fara tsayarwa. Mai Golf ya biyo shi yana ta hon yana zagi ta taga. Da hanya ta miƙe sai ya yi obatekin, ya sha gabansa, ko gama komawa hannunsa bai yi ba ya danna burki. Ba akuya, ba rami, ba kowa a gabansa. Yaro ya taka nasa, amma ina, sai da ya dake shi. Fitilarmu ta hagu ta fashe, bamba ta tsage, lagireto yana zuba. Golf kuwa danjar dama ta tafi, but ya lotsa ta gefe. Wata baiwar Allah da ke gidan gaba ta bugi goshi, an yi mata ɗinki. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba.

Yanzu mai Golf ya kafe sai mun ba shi naira 350,000, wai doka ce ko'ina a duniya duk wanda ya daki mota ta baya shi ne mai laifi. Mutanen tasha da yawa ma haka suke faɗa. An sa za a zauna gobe Lahadi bayan la'asar. Don Allah haka abin yake? Mutum ya tare ka da gangan kuma kai ka biya shi?

Ɗan Kamasho:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, ya ba marar lafiya lafiya. Alhaji, ni dai tun da nake tasha ban taɓa ganin an daki mota ta baya na bayan ya fita ba. Idonka na gaba, burki na ƙarƙashin ƙafarka. Ka lallaɓa a rage maka kuɗin kawai, kada ka ja zance.

Baba Direba:
Kai ɗan nan, ka faɗi rabin magana ka bar rabi. Ina yaron mota aka yi canjin hannu a 1972, kuma tun a lokacin abin da iyayen gidanmu suke koya mana shi ne ka bar tazarar da ko na gabanka ya tsaya cak za ka iya tsayawa. Dalili, na gaba yana ganin abin da kai ba ka gani. Saniya ta faɗo titi, yaro ya biyo ƙwallo, amalanke ta fito daga gona ba fitila, ko 'yan gari sun tayar da tudun rage gudu cikin dare ba alama. Duk wannan idan ya ci burki ka dake shi, kai ne, ko ba ka so. Ba ya neman izininka kafin ya ceci rai.

To amma wanda ya zo ya yanko gabanka ya tsaya don ya huce haushi, wannan ba tuƙi yake ba, faɗa yake yi da mota. A zamaninmu idan direba ya yi haka shugaban tasha ba ya ma bari a kai ga maganar kuɗi, makulli ake fara karɓewa.

Ɗan Kamasho:
Baba Allah ya ƙara girma, na ji. Amma wa zai shiga zuciyar mai Golf ya ce da gayya ya yi? Gobe zai rantse ya ce kare ya gani.

Lauyan Zaure:
Salam. Alhaji sannu da wannan abu. Bari in warware, don maganar Baba da ta Ɗan Kamasho duk suna da wurin zama.

Babu wata doka a Najeriya da ta ce na baya shi ne mai laifi ko ta halin ƙaƙa. Abin da ke akwai shi ne, idan aka je kotu aka tabbatar ka daki mota ta baya, alƙali zai fara ɗauka cewa akwai sakaci daga gare ka, domin a al'ada mai kula da tuƙinsa ba ya hawa kan na gabansa. Daga nan nauyi ya dawo kanka ka kawo bayanin da zai kawar da wannan zato. Idan ba ka da bayani, ka biya. Idan kana da shi kuma ka tabbatar, magana ta canja. Mutanen tasha mafarin suka riƙe suka mai da shi hukunci.

Bayanan da kan yi tasiri sanannu ne: na gaba ya yanko ya shigo ba tare da ya bar wuri ba, ko danjarsa ba ta kamawa, ko baya yake yi, ko ya tsaya a tsakiyar titi cikin duhu ba alama, ko kuma irin wannan, ya ci burki ba dalili sai don ya tsorata na baya. Wannan na ƙarshen ma ya wuce maganar biyan ɓarna. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta sa tuƙin ganganci cikin laifuka, tararsa naira 50,000 ko ɗauri har shekara 2 ko duka biyun, idan kuma ya jawo mutuwa ɗaurin kan kai shekara 7. Wanda ya mai da motarsa abin tare hanya da fasinja a ciki ya shiga wannan layin.

Abu na biyu, kotu ba dole ta ɗora wa mutum ɗaya duka ba. Tana iya raba laifi, ta ce wannan kashi kaza, wancan kashi kaza, a rage diyyar gwargwadon hannun da mai ƙara yake da shi a abin da ya same shi.

Na uku, kuma shi ne inda Ɗan Kamasho ya taɓo gaskiya: hujja. Faɗin ƙaninka kaɗai ba zai isa ba. Su waye a motar? An ɗauki hoto kafin a matsar da motocin? An sanar da 'yan sanda sun zo sun auna wurin?

Mai Sharon:
Barista na gode. Hoto akwai, yaron ya ɗauka a waya kafin a ture su gefe. Ba a kira 'yan sanda ba, mutane suka taru suka ce a bari a sasanta a tasha. Fasinja kuwa kowa ya kama gabansa, amma yawancinsu 'yan yankinmu ne.

Bakanike:
Oga turo min hotunan ta waya in gani. Amma tun daga bayaninka akwai abin da na tsinta. Ka ce fitilarku ta hagu ce ta fashe, shi kuma danjarsa ta dama. Ku lura da kyau. Mu a dama muke tafiya, mai obatekin ta hagu yake wucewa sannan ya karyo ya dawo dama. Idan ya gama dawowa ya daidaita, kuka bi shi a baya kuka dake shi, dukan a tsakiya zai sauka, lamba ta lanƙwashe, fitilu biyu su tafi tare ko kusan haka. Amma kusurwar hagu ta gaba a kan kusurwar dama ta baya, wannan yana nuna gindin Golf bai gama shigowa layi ba aka haɗu. Ƙarfe ba ya rantsuwar ƙarya.

Sannan ku duba tsayin inda dukan ya sauka. Mota idan aka taka burki da ƙarfi hancinta ƙasa yake yi, bayanta ya ɗaga. Idan bambar Sharon ta shige ƙarƙashin ta Golf, ko tabon ya sauka ƙasa da inda ya kamata, alama ce yaron yana kan burki lokacin da suka haɗu, ba barci yake ba. Kuma a je wurin yau kafin motocin kasuwa su goge, a ɗauki sawun taya a kwalta. Tsohuwar Golf idan aka danne ta tayoyin kan kulle su ja baƙin layi. Inda layinsa ya fara, da ko a karkace yake, duk magana ce.

Abu ɗaya kuma, gobe a sa wani ya taka burkin Golf ɗin a gaban jama'a a ga ko danjar hagu da ta rage tana kamawa. Motocin hayar da ke zuwa garejina, sai in gyara inji in gyara giya, in ce a sa ƙwan danja mai shi ya ce a bari sai wani zuwan.

Malamin Lissafi:
Bari in sa lissafi a ciki don masu cewa ai da ya taka da wuri. Motar haya a babbar hanya irin wannan iyakar gudunta a doka kilomita 80 a awa. Mota mai gudun 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta bar totur ta hau burki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, sau da yawa ma fiye. Ke nan ka ci mita 22 ko sama ba ka fara rage gudu ba. Bayan ka taka, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, kana buƙatar wajen mita 36 kafin ka tsaya. Idan gudun ya ninka, wannan nisan ba ninkawa yake ba, sau huɗu yake zama.

Shi ya sa ake koyar da tazarar daƙiƙa biyu. Ka sa ido a kan wata bishiya, idan na gabanka ya wuce ta ka fara ƙirge, kada ka iso ta kafin daƙiƙa biyu. A gudun 80 wannan mita 44 ne, tsawon Golf wajen goma sha ɗaya a jere. To wanda ya yanko gabanka da tazarar mota ɗaya ko biyu ya ci burki nan take, ya cinye maka tazarar tun kafin ka samu damar gina ta. Ko waye a sitiyarin sai ya dake shi.

Mai Tirela:
Malam Allah ya biya ka. Wannan ita ce azabar da muke sha kullum a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Kana ɗauke da buhu 600 na siminti, tan 30 ke nan ban da nauyin motar, ƙaramar mota ta wuce ka ta shigo gabanka ta ga fasinja ya ɗaga hannu ta tsaya. Burkinmu na iska ne, sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya kama, kuma nauyin da ke bayanka turo ka yake. Idan abu ya faru ba mai tambayar yadda aka yi, babbar mota ce, sai ka nemi hanyar tsira da ranka tukuna.

Ɗan Acaɓa:
Ku ma manyan motoci ba ku da tausayi ai. Mu da kuke hurowa hon a keya har sai mun faɗa ciyawa fa?

Mai Tirela:
Kai kuma da ba ka da madubi ko ɗaya a mashin, ka cire ka ajiye a gida wai yana ɓata ado.

Adimin:
Jama'a a dawo kan maganar Alhaji. Kuma na goge hoton da wani ya turo mai lambar Golf ɗin. Ba a sa lambar mota ko sunan kowa a zauren nan, shi ma mutumin yana da 'yan uwa a ciki.

Lauyan Zaure:
Mai Tirela ya kawo wani nau'i da ya kamata a bambanta. Burki iri uku ne a nan. Akwai na dole, saboda dabba ko yaro ko rami, wannan ba laifi a kan na gaba. Akwai na son kuɗi, direba ya hango fasinja ya tsaya a kan kwalta ba sigina ba sauka gefe, wannan sakaci ne, kuma a nan aka fi raba laifi, don na baya ma ya san halin motar haya ya kamata ya ba ta wuri. Sai na gayya, wanda aka yi don a tsorata ko a hukunta na baya. Shi ne mafi muni kuma shi ne mafi wuyar tabbatarwa, tun da niyya a zuci take. Ana gane ta ne daga abin da ya gabata: zagin, bin da ya yi, da rashin komai a gabansa. Saboda haka rigimar da suka fara tun Wudil, wadda Alhaji ya ambata a gurguje, ita ce ƙashin bayan maganarsa.

A Ingila har sana'a wasu suka mai da shi, su ci burki a gaban mutum da gangan don su karɓi kuɗin inshora, kuma ana ɗaure su idan aka kama. Abin da ya sa kyamarar gaban mota ta yaɗu a can ke nan, daga cikin dalilai.

Na Kujerar Baya:
Salamu alaikum. Ban so in yi magana ba, amma an ce ana neman wanda yake cikin motar, kuma shaida amana ce. Ni ina ciki, na sayo awaki biyu suna but. Alhaji ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gaskiya ne mai Golf ya yi zagi, gaskiya ne ya ci burki ba komai a gabansa, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma ƙaninka ma bai kyauta ba. Sau biyu mutumin yana fitowa zai wuce, yaron yana ƙara wuta yana matso masa. Wani dattijo a motar har cewa ya yi ɗana ka bar shi ya wuce mana, ya yi kamar bai ji ba. A na ukun da Golf ya samu ya wuce, suna kafaɗa da kafaɗa yaron bai ɗaga ƙafa ba. Ni dai salati nake tun kafin a yi karon.

Mai Sharon:
Malam, yaron ya ce min mota ce take tahowa ta gaba shi ya sa bai ba shi hanya ba. Kuma ko ma ya hana shi wucewa, wannan ya ba shi izinin ya tare mutum da rai tara a mota?

Na Kujerar Baya:
Bai ba shi ba, Alhaji. Ni abin da idona ya gani na faɗa. Mota ta gaba kuwa ni ban gan ta ba.

Baba Direba:
To ka ji. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alhaji kada ka yi fushi da bawan Allahn nan, gara ka ji a nan da ka ji gobe a gaban jama'a. Ƙa'ida ce tsohuwa, idan ana wuce ka ba ka ƙara gudu, sassautawa ma kake yi ya samu ya shige. Da yaron ya ɗaga ƙafa lokacin da suke jere, da tazarar da Malamin Lissafi yake magana ta samu, burkin gayyar ya tashi a banza. Ni a ganina mai Golf ya fi laifi nesa ba kusa ba, don shi ya yi abin da ya jawo karon da niyya. Amma yaronka ba fari tas yake ba.

Malamin Lissafi:
Baba a nan zan ɗan saɓa maka. Hana wucewa laifi ne mai zaman kansa, a hukunta shi a kansa. Amma bayan Golf ya wuce ai rigima ta ƙare, hanya a buɗe take a gabansa, ba abin da ya hana shi tafiya. Shi ya zaɓi ya tsaya. Ban ga yadda laifin farko zai zama dalilin karon ba.

Lauyan Zaure:
Malam, lauyan Alhaji haka zai faɗa, kuma magana ce mai ƙarfi. Lauyan mai Golf kuma zai ce gudun da yaron ya ƙara shi ne ya sa ya kasa tsayawa, kuma wanda ya san yana cikin rigima da direban da ke gefensa ya kamata ya yi tsammanin komai. Alƙali zai iya karkata ko'ina, amma ni na fi zaton rabawa zai yi, kaso mafi girma a kan mai Golf. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne, da shaidar bawan Allahn nan, neman a biya shi kuɗin gyara gaba ɗaya ba shi da ƙafar tsayawa.

Uwar Biyu:
Ni tun ɗazu nake karantawa ina jiran in ga wanda zai tuna da matar da aka yi wa ɗinki. An yi lissafin fitila, an yi na lagireto, an auna tsayin bamba. Ita fa? Kuɗinta ta biya ta zauna, ba ta zagi kowa ba, ba ta hana kowa wucewa ba. Mu da muke bin motocin kasuwa kowane mako, Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, mun san wannan wasan. Direbobi biyu su yi ta tsere a kan fasinja ɗaya, ka yi magana a ce Hajiya in kina sauri ki sauka, in kina tsoro ma ki sauka. Wa ya biya kuɗin asibitin?

Mai Sharon:
Hajiya ni na biya na jiya, ɗinki da allura da magani. Ban tsaya jiran a ce waye mai laifi ba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri Alhaji, ka yi abin da ya dace. Amma a sa ta cikin zaman gobe. Za ta koma a cire zare, kuma mai sana'a ce wataƙila, kwanakin da za ta yi a kwance wa zai ɗauka?

Limamin Tasha:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya ta riga ni. Ga abin da zan ƙara ta fuskar shari'a, tun da gobe sulhu za a yi tsakanin Musulmi.

Malamanmu sun yi maganar wannan tun zamanin dawaki da raƙuma. A cikin Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an ce mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. Asali ke nan: wanda abin hawa yake hannunsa shi ke ɗaukar ɓarnarsa. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei a 1993 ta fitar da matsaya a kan haɗurran mota. Ta ce bin dokokin hanya da hukuma ta sa don maslahar jama'a wajibi ne. Ta ce direba yana lamunin abin da ya lalata, sai idan abu ne da ya fi ƙarfinsa, ko wanda aka cutar shi ne ya jawo da aikinsa, ko wani na uku ne ya yi ta'adin.

Akwai kuma ƙa'idar wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi. Asali lamuni yana kan wanda ya yi da hannunsa, a nan shi ne yaron da ya daka. Amma idan mai sanadin shi ne ya ƙetare iyaka, shi kuma na farkon bai yi sakaci ba, lamuni ya koma kan mai sanadi. Da labarin ya tsaya yadda Alhaji ya fara kawo shi, da na ce mai Golf ne zai gyara duka biyun. Da shaida ta zo cewa kowa ya sa hannu, sai hukunci ya zama kowane ɗaya yana ɗaukar abin da ya lalata wa ɗan uwansa. Ku lura, wannan ba daidai yake da abin da muka saba cewa a tasha ba, wato kowa ya gyara tasa. Kowa ya gyara tasa yana halatta idan su biyun sun yarda sun yafe wa juna, sulhu ne, kuma sulhu alheri ne. Amma ba a tilasta wa wanda ɓarnarsa ta fi yawa a ce masa hukunci ne.

Haƙƙin matar kuwa nata ne. Ba shugaban tasha ba, ba ni ba, ba wanda zai yafe a madadinta.

Ɗan Kamasho:
Allah ya gafarta Malam, to idan lagireton Alhaji ya fi but ɗin Golf tsada, mai Golf ne zai yi ciko ke nan? Wallahi gobe akwai kallo.

Lauyan Zaure:
Alhaji wata tambaya, inshorarka tana aiki? Tun 1 ga Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ta motar haya ka duba abin da ke rubuce a takardarka. Amfaninta ke nan, idan aka ce kai ne da laifi kamfani ya biya wanda ka yi wa ɓarna. Ba ta gyara taka motar, wannan sai babbar inshora. Sharaɗinsu shi ne ka sanar da su da wuri, kuma kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da saninsu ba, sannan galibi za su nemi rahoton 'yan sanda. Shi ma mai Golf a tambaye shi tasa, don idan laifin ya fi yawa a kansa, kamfaninsa ne ya kamata ya ji da fitilarka.

Kuma ka sani, ko da ba kai ke tuƙi ba, mai mota yana shiga ƙara idan direbansa ya yi ɓarna a bakin aikin da ya sa shi. Saboda haka kada ka ce ruwan yaro ne.

Mai Sharon:
Takardar tana nan cikin fatikula, tare aka yi min da sabunta lasisin mota. Ban taɓa neman ko sisi a kanta ba.

Bakanike:
Oga ka sa a duba maka lambar motar a intanet a ga ko inshorar tana cikin rajista. Da yawa takarda ce kawai ake haɗa wa mutum don wuce shinge, ranar buƙata a nemi kamfani a rasa. Na ga hotunan. Kamar yadda na zata ne, dukan a kusurwa yake, kuma sawun Golf a karkace ya fara daga tsakiyar titi. Ka buga su a takarda ka tafi da su, dattawan tasha ba sa son leƙen waya. Amma tayoyinka na gaba sun cinye, har a hoto ana gani. Idan mai Golf yana da wayo zai nuna su.

Mai Sharon:
Salam jama'a, ga yadda aka yi jiya Lahadi. An zauna, shugaban tasha da dattawa uku da wakilin mai gari. Mai Golf ya fara da cewa rami ya kauce wa. Aka nuna masa hoto ba rami. Bawan Allahn da ke kujerar baya ya zo da kansa ya faɗi duk abin da ya faɗa a nan, bai rage ba bai ƙara ba, har da na ƙanena. Da aka taka burkin Golf danjar hagu ta kama, wannan ba mu samu komai a ciki ba. A ƙarshe aka ce maganar 350,000 ta mutu. Shi zai gyara motarsa, kuma zai sayo mana fitila da bamba, ni in ji da lagireto. An dakatar da shi daga lodi mako biyu, ƙanena mako ɗaya. Kuɗin asibiti za mu raba biyu. Na karɓa.

Malamin Lissafi:
An yi masa sauƙi. Mutumin da ya yi wasa da rai tara, mako biyu?

Baba Direba:
Malam, mako biyu ba lodi ga mai iyali ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk tashoshin yankin sun ji labari. Ni abin da ya fi min daɗi shi ne an hukunta yaron ma.

Lauyan Zaure:
Alhaji an rubuta? A rubuta abin da aka amince, da ranar da zai kawo kayan, ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. Kuma a rubuta fitila da bamba wane iri, sabuwa ko ta gwanjo, don a nan ake sake rigima.

Uwar Biyu:
Matar ta zo zaman?

Mai Sharon:
Ba ta zo ba Hajiya, ƙanin mijinta ne ya wakilce ta. Ya ce sun yafe sauran.

Limamin Tasha:
Alhaji, a ji daga bakinta. Idan ita ta aiko shi da yafiyar, shi ke nan. Idan kunya ce ta sa shi faɗa a gaban manya, haƙƙin yana nan.

Mai Sharon:
To Malam. Ranar Laraba za a cire mata zaren, zan sa maiɗakina ta raka ta asibitin ta tambaye ta. Bakanike, gobe da safe za a jawo motar, ka nemo min lagireto na gwanjo mai kyau, kuma ka faɗa min kuɗin taya biyu.